Ranar da na daina roƙon alfarma, na rubuta takarda

Wata Laraba da hantsi Hajiya ta kira ni ta bidiyo daga Zariya. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi sanyi kamar yadda ta saba ko da zafi muke fama da shi, sai na ga ta matso da fuskarta jikin waya tana leƙen abin da ke bayana. Labulen falonmu ta gani, da kwandon wanki a kan kujera.

"Auta, yau ba Laraba ba ce?"

Na ce, "Laraba ce, Hajiya."

"To me kake yi a gida war haka? Ka gaya min gaskiya, sallamar ka suka yi?"

Na yi dariya, ita kuwa ko murmushi. Na juya wayar na nuna mata kwamfuta a kan teburin cin abinci da jerin lambobin da nake fama da su tun safe, na ce aiki nake, yau a gida ofishin yake. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shekara talatin ya yi a reluwe, ba ta taɓa ganin hantsi ya same shi a gida ba sai ran Lahadi, ko in zazzaɓi ya kayar da shi. Ta rufe da "Allah ya kyauta", irin wadda ke nufin ba ta gamsu ba amma ta bar maganar.

Ban gaya mata ba cewa wannan zaman gidan da take wa kallon abin kunya sai da na yi wata huɗu ina nemansa.

A Bradford muke zaune, a arewacin Ingila. Aikina yana Leeds, a sashen biyan albashi na wani kamfani da ba sai na faɗi sunansa ba. Mu shida ne a sashen, mu ke lissafa albashi da haraji da kuɗin fansho da na ƙarin lokaci, mu tura banki kafin wata ya ƙare. Na kama aikin a 2021, lokacin da korona ta zaunar da kowa a gida, don haka na yi watanni ban san abokan aikina ba sai a allon kwamfuta, daga kafaɗa zuwa sama. Ranar da na fara ganin manajarmu a tsaye sai da na yi mamakin tsawonta. Duk tsawon lokacin nan albashin kowa bai taɓa makara ba ko da yini ɗaya. Daga baya aka ce mu riƙa leƙo ofis sau biyu a mako, aka mai da shi sau uku, sai a farkon 2024 saƙo ya sauko daga sama cewa kowa ya dawo, Litinin zuwa Juma'a.

In ka duba taswira tafiyar ba wata ba ce, jirgin ƙasa daga Bradford zuwa Leeds minti ashirin ne da ɗoriya. Amma sai ka fara shiga bas daga unguwa zuwa tsakiyar gari, kuma a Janairun shekarar aka rufe tashar bas ta Interchange saboda matsalar da aka gano a ginin, aka warwatsa wuraren sauka a titunan gari. Ka sauka can, ka taka cikin yayyafin nan nasu mai sanɗa, wanda ba ka sanin yana jiƙa ka sai ka isa ka ga ka yi sharkaf. Daga ƙofar gida zuwa teburina awa ɗaya da kwata ne, in an yi sa'a.

Uwargida kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi, awa goma sha biyu a jere, takwas zuwa takwas, kuma kowane mako da irin jadawalinsa. 'Yar autarmu lokacin tana aji biyu a firamare, ana tashinsu uku da kwata. A Tudun Wada wannan ba abin magana ba ne. Yaro ya taso daga makaranta ya shige gidan maƙwabta, a zuba masa abinci, ba mai ƙirgawa. Nan kuwa makaranta ba ta sakin yarinya 'yar shekara shida sai ga wanda sunansa ke rubuce a wajensu, kuma in kana so su riƙe maka ita zuwa yamma sai ka biya, kowace rana da kuɗinta, shi ma in akwai gurbi.

Ga kuma sallah. Wanda bai yi hunturu a nan ba ba zai gane ba. A Disamba azahar kan shiga wajen sha biyu, la'asar kafin biyu, rana ta faɗi kafin huɗu. Sallah uku ke nan a cikin lokacin ofis, kusan a jere. A ɗakin ajiya nake yi, tsakanin kwalayen takardar firinta da wata tsohuwar bishiyar Kirsimeti ta roba mai jiran shekara ta zagayo. Juma'a kuwa sai na haɗa da gudu, in dawo ina haki ina satar kallon agogo.

Sau biyu na je wa manajarmu da baki. Na je mata irin zuwan da aka koya mana. Na ƙwanƙwasa, na tambayi lafiyarta, na tambayi karenta mai ciwon ƙafa, na yaba yadda take tafiyar da sashen, na kewaya na sake kewayawa, can a ƙarshe na ce ko da hali a taimaka min da kwana biyu ko uku a gida. Ta saurare ni da kyau, har da gyaɗa kai. Ta ce ta fahimta ƙwarai, in bar mata za ta duba. Bayan mako uku na koma, ta ce tana kan dubawa.

Ni kuwa na san "za mu duba" tun kafin in taɓa shiga jirgin sama. Shekara shida na yi a wata ma'aikata a gida kafin in fito ƙaro karatu, na ga fayil ɗin da ya shiga da safe ya fito da sa hannu kafin azahar, na ga wanda ya shekara a ƙasan kabad har ɓera ya fara karanta shi. "Za mu duba" ba ta da ƙabila. Ba a ce maka a'a ba balle ka yi fushi, ba a ce maka e ba balle ka yi shiri, in kuma ka cika tuni kai ne mai naci.

Wata dattijuwa a sashenmu, 'yar asalin Yorkshire, saura mata kaɗan ta yi ritaya, ita ta tsare ni a wajen butar shayi. Ta ce ta lura kullum biyu da rabi na yi sai in fara duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na ba ta labari. Tambaya ɗaya ta yi min: na rubuta? Na ce na dai yi magana, har sau biyu. Ta ce to ban nemi komai ba tukuna, hira muka yi. Ta ce in jira 6 ga Afrilu dokar za ta canza, sannan in rubuta, in sa kwanan wata, in kuma faɗa ɓaro-ɓaro a cikin takardar cewa a ƙarƙashin doka nake nema.

Daren nan na zauna na karanta. Ashe abin ya daɗe, ni ne ban sani ba. Tun Afrilun 2003 Birtaniya ta ba iyayen yara 'yan ƙasa da shekara shida, da iyayen yara masu naƙasa, damar neman a sassauta musu tsarin aiki, ko a sauya musu awanni, ko a rage kwanaki, ko su yi daga gida. A 2007 aka shigar da masu jinyar manya. A ƙarshen Yunin 2014 aka buɗe wa kowane ma'aikaci, da sharaɗin ya yi mako 26 a wurin, kuma sau ɗaya zai nema a shekara. Gyaran da dattijuwar ke nufi kuwa wata 'yar majalisa ce daga Bolton, Yasmin Qureshi, ta kawo ƙudurinsa, ya zama doka a Yulin 2023, ya fara aiki ranar 6 ga Afrilun 2024 a Ingila da Wales da Scotland. Daga nan, ko yau ka kama aiki kana iya nema, har sau biyu a cikin wata goma sha biyu. Dole a ba ka amsa cikin wata biyu maimakon uku na da, kuma ba a ƙin buƙatarka sai an zauna da kai an tattauna. An kuma cire wani sharaɗi da ya ba ni haushi da na karanta shi: a da, kai mai nema kai ne za ka bayyana irin illar da buƙatarka za ta yi wa kamfani da yadda za a magance ta. Wato kai za ka yanko bulalar, ka miƙa, ka kwanta.

Sanin doka daban, ƙarfin halin ɗaga ta daban. Bizata a hannun kamfanin nan take, su suka tsaya min. In suka sallame ni, ma'aikatar cikin gida kan ba mutum kwana 60 ya samo wani mai tsaya masa ko ya tattara nasa ya nasa. Ni da mata da yara biyu. Na kira Yaya a Kaduna, don tun rasuwar mahaifinmu ba na yanke irin wannan shawara ban ji ta bakinsa ba.

"Yaya, so nake in rubuta musu a hukumance."

"Ka rubuta musu me?"

Na yi masa bayani tun daga farko.

"Auta, kana lafiya kuwa? Wanda ke riƙe da bizarka za ka karanto wa doka? Ana zaune a ruwa ana gaba da kada? Ka bi su a hankali, ka samu wanda suke ɗasawa da ita ya sa baki. Ka rufa wa kanka asiri."

Na gane abin da yake nufi sarai, don ni ma a kansa aka raine ni. A wajenmu in ka rubuta wa na gaba da kai takarda kana ambaton sashe kaza na doka kaza, ka kai shi ƙara ke nan, alƙali kawai ya rage. Abin da muka sani alfarma ce: ka durƙusa, a tausaya, ka yi godiya, ka kuma ci gaba da godiya duk inda kuka haɗu har ɗayanku ya bar duniya. Na ce masa dokar ta hana a kori mutum ko a muzguna masa don ya nema. Ya ce, "Doka ta hana abubuwa da yawa."

Uwargida ce ta raba gardamar. Ta dawo ƙarfe tara na dare, ta zauna tana matsa ƙafafunta, ta ce, "Malam, ka rubuta. In a'a ce su faɗa, mu san abin yi. Wannan jiran shi ke kashe mu."

Ranar Litinin 15 ga Afrilu, kwana biyar bayan ƙaramar Sallah, na tura imel ɗin. Layi bakwai. Ba gaisuwar kare, ba yabon shugabanci. Na ce ina nema a ƙarƙashin doka, ina son kwana uku a gida daga farkon Yuni, kuma ban taɓa nema a rubuce ba kafin yau. Da na danna na ji kamar na zagi surukina. Na tashi na haɗa shayin da ban sha ba, na dawo na buɗe kalanda na ƙirga wata biyu, ya faɗa dab da babbar Sallah.

Kafin a tashi ranar Laraba amsa ta zo. Gayyata ce zuwa zama, ni da ita da wani daga sashen kula da ma'aikata, an sa rana an sa lokaci. Maganar da ta yi wata biyu ana dubawa, kwana biyu ta ɗauka da ta shiga takarda.

Na shiga ɗakin gilashin nan ina jiran ɗaure fuska. Ban ga ko ɗaya ba. Ta zo da takarda ɗaya a hannu, ta rubuta dalilanta, kuma a gaskiya dalilai ne. Na farko makon ƙarshen wata. Lokacin ne muke rufe lissafi, kuma kuskuren lamba ɗaya na iya sa mai gadi ko mai shara ya ga rabin albashi a asusunsa, ga kuɗin haya na jiransa. A makon nan tana son mu duka a ɗaki ɗaya, wanda ya ga abin da bai gane ba ya ɗaga murya a warware nan take. Na biyu wani saurayi ne da aka ɗauka yana koyon aiki, bai fi wata huɗu da mu ba. Ta ce in ina ofis yakan juyo da kujerarsa ya tambaye ni abu goma kafin sha biyu. Ranar da ba na nan ba ya turo saƙo, kunya yake ji kada a ga ya cika tambaya, sai ya yi shiru ya yi kuskuren.

Wannan ta biyun ta taɓa ni, don ni ma haka na koyi aiki. Wani tsohon akawu ne a ma'aikatarmu ta da, mai tabarau ɗaure da zare, na shekara biyu ina zaune a gefensa. Bai taɓa zaunar da ni ya ce yau zan koya maka kaza ba. Kallonsa nake yi yana lasar yatsa yana juya baucoci, sai ya tsaya a kan ɗaya, ya ɗaga ta wajen taga, ya ce, "Wannan sa hannun da hannun hagu aka yi shi, mai shi kuwa badama ne." Ba a koyon irin wannan ta allon kwamfuta. Masu cewa ofis ya tashi daga aiki, yawancinsu sun riga sun ƙoshi da abin da ofis ke koyarwa kafin su faɗi haka.

A ƙarshen Mayu takarda ta fito. Uku na nema, biyu aka ba ni: Laraba da Juma'a, ban da makon ƙarshen wata, kuma gwaji ne na wata uku. Da wata ukun suka cika aka shigar da shi cikin kwantiragina. Laraba nakan rufe kwamfuta uku saura in je in ɗauko yarinya, in biya bashin lokacin bayan magariba. Juma'a in sa jamfa da hula in taka zuwa masallacin unguwa, in ji huɗuba tun daga farkonta.

Daga baya, wata rana muna jiran lif, manajar ta gaya min wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba. Ta ce zuwana da baki ya sa ta a tsaka mai wuya. Umarni daga sama ya ce kowa ya dawo, ita kuma ba ta da abin da za ta ɗauka ta kai sama face "wani a sashena ya ce a taimaka masa". Takardar kuwa abu ce da za ta ajiye a teburin shugabanta ta ce ga shi, doka ta ce mu amsa kafin ranar kaza. Ni ina can ina tsoron na ci mata fuska, ashe hanya na buɗe mata.

Kada dai mai karatu ya ɗauka dokar ce ta ba ni kwana biyun. Damar nema kawai ta bayar, kuma ta bar wa mai kamfani dalilai takwas da zai iya ƙi da su. Zai iya cewa abin zai jawo ƙarin kashe kuɗi, ko zai hana biyan buƙatar abokan ciniki, ko ba yadda za a rarraba aikin ga sauran ma'aikata, ko ba a iya ɗaukar sababbi, ko ingancin aiki zai ragu, ko ƙwazo zai ragu, ko babu isasshen aiki a lokutan da kake son yi, ko kuma ana shirin sake fasalin kamfanin. A nuna min buƙatar da ba za a iya tura ta cikin ɗaya daga waɗannan ba. Ƙofa ce da raƙumi zai wuce da kayansa bai sunkuya ba. In ka kai ƙara kotun ma'aikata, abin da za ta duba shi ne an bi ƙa'ida, an amsa a kan lokaci, dalilin yana cikin takwas ɗin, kuma ba a gina shi a kan bayanin da ba daidai ba. Ba za ta zauna a kujerar mai kamfani ta ce da ni ce da na yarda ba. Diyyar ma ba ta wuce albashin mako takwas, shi ma da iyakar da aka sa wa kowane mako. A farkon 2024 aka bayyana hukunci a ƙarar wata babbar jami'a a hukumar sa ido kan harkokin kuɗi ta Birtaniya, FCA, wadda ta nemi ta riƙa aiki daga gida gaba ɗaya aka ƙi. Kotu ta ce hukumar na da hujja. Abin da matar ta samu diyyar mako ɗaya ce, saboda an makara wajen ba ta amsa. Gwamnatin Labour ta shigar da wani ƙuduri a Oktoban 2024 mai cewa ƙin amincewa sai ya zama abin da hankali zai ɗauka, a kuma bayyana dalili. Ni dai sai na gani a ƙasa.

A wasu ƙasashen ma haka abin yake, ko ya fi. Ailan ta fara aiki da tata dokar a Maris ɗin 2024, ita takamaimai a kan aiki daga gida. Mai kamfani zai amsa cikin mako huɗu, amma an hana hukumar sasanta rigingimun ma'aikata duba ko dalilin ƙin yana da ma'ana, tsarin da aka bi kawai za ta duba. Ƙarar farko da aka yanke, wadda wata ma'aikaciyar TikTok ta shigar a Dublin, faɗuwa ta yi. A Holan majalisar wakilai ta amince a Yulin 2022 da wani ƙuduri mai ɗan haƙori, majalisar dattawa ta kayar da shi a Satumban 2023. Ostireliya ce ta ɗan matsa gaba: tun Yunin 2023 hukumarsu ta ma'aikata na iya shiga tsakani har ta ba da umarni, kuma amsa cikin kwana 21 ce, sai dai ba kowa ke da damar ba, iyaye ne da masu jinya da masu naƙasa da waɗanda suka kai shekara 55 da makamantansu.

Ban ma buƙaci Dublin ba don in ga iyakar abin, a gidana na gani. Uwargida ba ta da zancen aiki daga gida, ba a yi wa tsohuwa 'yar shekara casa'in wanka ta intanet. Kuma yawancin mutanenmu da suka zo ƙasar nan a 'yan shekarun nan irin aikinta suke yi, ko tuƙi, ko gadi, ko ɗaukar kaya a sito. Amma dokar ɗaya ce, ta shafi awanni da ranaku. Ganin nawa ya yiwu, ta rubuta tata: a tsayar mata da ranakunta uku, Laraba da Juma'a da Asabar, ranakun da nake gida, maimakon a riƙa jujjuya ta kowane mako. Sun zauna da ita kamar yadda doka ta ce, in za a kira tsayuwar minti goma a ɗakin wanki zama, injin yana ta ƙugi a bayansu. Takardar ta zo layi biyu: ba yadda za a rarraba aikin ga sauran ma'aikata. Dalili na uku cikin takwas, an bi ƙa'ida tsaf. Ta ninke ta ta sa a jaka, ta ɗaura ɗankwali ta tafi aiki. Na ji nauyin abin, ni ina zaune kusa da hita da kofin shayi, ita da ta fi ni buƙata ta tashi a tutar babu.

Da na ba Yaya labarin yadda tawa ta ƙare, sai ya ce ai su ma an ba su Juma'a. Gaskiya ne. A Disamban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta mai da aikin ofis a jihar Kaduna kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis, Juma'a a yi daga gida. Yaya dai gonarsa ta hanyar Kachia yake zuwa, ya ce aikin gida ke nan, kuma ban ga laifinsa ba, mutumin da wuta ke zo masa tsakar dare da me zai kunna kwamfutar? Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 Kwara da Edo suka rage ranakun zuwa ofis saboda tsadar mota. Legas ta yi nata a Fabrairun 2024, ta soke shi a ƙarshen Maris ɗin 2025. Na ce, "Yaya, ka ji kalmar da ka faɗa? An ba ku." Gwamna ya tashi da safe ya bayar, wani ya tashi da safe ya karɓe, ba wanda ya nema balle a ba shi dalili. Ya ce in daina yi masa Turanci da Hausa, in turo kuɗin taki.

Zaman gidan ma ba aljanna ba ne, kada a ce na ɓoye. Kuɗin dumama gida ya hau, don a da daga safe zuwa yamma hita a kashe take. Kalmar "tunda kana gida" ta zama farkon kowace magana: tunda kana gida ka karɓi saƙo, tunda kana gida ka sauke naman nan daga firiza, tunda kana gida ka leƙa gidan wane matarsa ta haihu. Sau biyu aka yanke shawara a ofis ranar Juma'a da yamma, a tsaitsaye, sai Litinin na ji ta a bakin saurayin nan mai koyon aiki. Da aka buɗe gurbin mataimakin shugaban sashe, wani aka ba wanda kullum yana nan. Ya cancanta, ba na ja. Amma nakan tambayi kaina ko Laraba da Juma'ar nan suna cikin lissafin, kuma wannan ba tambayar da wata doka za ta sa a amsa min a rubuce ba ce.

Dattijuwar ta yi ritaya bara, muka yi karo-karo muka saya mata kujerar lambu. Saurayin yanzu shi ke koya wa wata sabuwa, na ji shi rannan yana ce mata ta tambayi duk abin da ba ta gane ba.

Uwargida kuma ta sake shiri. Ta samu wata abokiyar aikinta 'yar Zimbabwe da ke son Litinin da Talata da Alhamis saboda karatun da take yi, ranakun da ita ba ta so. Sun zauna a kicin ɗinmu da jadawalin wata uku da biro ja, sun nuna baƙi da fari cewa in aka tsayar da su biyun ba wani gurbi da zai buɗe. Kowacce ta rubuta tata, rana ɗaya za su miƙa. Na ce ta kawo in gyara mata Turancin.

"A'a, Malam. Kai sai ka sa gaisuwa."

Takardar na nan manne a jikin firij, ƙarƙashin maganaɗisun da yarinya ta yi a makaranta. Litinin za su kai. Na ƙirga a kalanda, wata biyu zai kai mu tsakiyar azumi.